Malamin Insha'i, Fara Da Naka Biron

Ka san yadda darasin insha'i yake tafiya a yawancin makarantunmu na sakandare. Malam ya shigo, ya rubuta take a allo: "Ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba." Ya ce a cika shafi biyu. Yara su duƙufa, wasu su yi ta tauna biro har a kaɗa ƙararrawa. Monita ya tattara littattafai ya kai ofishin malamai. Bayan mako biyu su dawo jajur da jan biro, an dangwala maki huɗu cikin goma a ƙasa. Yaro ya duba makinsa, ya leƙa na abokinsa, ya rufe littafi. Wata mai zuwa a sake ba da wani take, kurakuran nan dai su dawo, ko ɗaya bai ragu ba.

Abin da aka yi ɗin nan gwaji ne, ba a koyar da komai ba. Kuma ban ga laifinka ba, Malam. Yawancinmu haka aka yi mana. A kwalejin ilimi mun sha nahawu da adabi, amma yadda ake kama hannun yaro har ya gina sakin layi ɗaya mai ma'ana, sama-sama aka taɓa shi. Ke ma Malama da ke nake, ko Hausa kike koyarwa ko Turanci.

Na san abin da aka saba faɗa: a tura mu bita. Bita tana da amfani, in ta zo ka je. Sai dai kujerunta kaɗan ne, kwanakinta uku ne ko biyar, kuma ranar Litinin kai kaɗai za ka koma gaban yara tamanin. Horon da zai canza ajinka yana nan cikin makarantarku, ba ya cin ko sisi. Ga yadda za ka kama shi.

1. Duk taken da za ka ba yara, fara rubuta shi da kanka.

Daren yau ɗauki taken da ka shirya musu. Duba agogo, ba kanka lokacin da za ka ba su, ka rubuta da biro a takarda. Kada ka tsaya gyara. In lokaci ya cika, ajiye biron.

Abubuwa za su bayyana maka nan take. Za ka ga inda ka cije ka rasa abin faɗa. Za ka ga minti goma sun tafi kafin jimlar farko ta fito. Wataƙila ma ka gane taken ba shi da kan gado, kai da kanka ba ka san me ake nema ba. To, duk inda ka yi tuntuɓe, nan ɗalibinka zai faɗi, kuma nan ne darasinka na gobe yake.

Malami ya yi rubutu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, malaman makaranta na cikin waɗanda suka amsa kira. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Bauci, ya rubuta Shaihu Umar. Dukansu samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Ba na cewa ka fitar da littafi. Shafi ɗaya a mako ya wadatar, in dai ba ka fasa ba.

2. Yi rubutu a gabansu, kana magana.

Yaro bai taɓa ganin yadda ake yin insha'i ba. Gamamme kawai yake gani a littafi, tsaf-tsaf, sai ya ɗauka marubuta daga sama abin yake faɗo musu. Tela ba ya miƙa wa yaron shagonsa ɗinkakkiyar riga ya ce "yi irin wannan." Zaunar da shi yake yi kusa da keke, ya ga yadda ake awo, ake yanka, ake farke ɗinkin da ya karkace.

Gobe ɗauki alli ka rubuta sakin layin farko a allo, kana faɗin abin da ke ranka da ƙarfi. "In fara da gaisuwa? A'a, wannan ba wasiƙa ba ce. Bari in fara da abin da ya faru. Wannan jimla ta yi tsawo, zan raba ta biyu. Na sa 'kuma' sau uku, bari in cire biyu." Ja layi a kan abin da ka soke, kada ka goge shi, su ga an soke an sake. Minti goma sun isa. Daga nan ku yi sakin layi na biyu tare, su kawo jimloli kana rubutawa. Na uku kowa ya yi nasa.

Ranar farko za ka ji nauyi, don za su ga ka yi kuskure. Bar su su gani. Yaron da ya ga malaminsa ya soke jimla ya sake ta, ya daina tsoron soke tasa.

3. Nemi abokan tafiya biyu ko uku.

A 1974 wani malami mai suna James Gray, wanda ya daɗe yana koyarwa a sakandare, ya tara malamai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka lokacin dogon hutu. Bai ɗauko musu masana su yi ta lacca ba. Kowane malami ya zo da darasin da ya yi masa aiki a ajinsa, ya koyar da shi ga sauran kamar su ne ɗaliban, sannan a tattauna. Kuma kowa sai ya yi rubutu nasa na kansa. Wannan zama shi ne ya girma ya zama National Writing Project, ya bazu a jami'o'i da dama na ƙasar. Ginshiƙinsa biyu ne: malami ya fi kowa iya koya wa malami, kuma mai koyar da rubutu dole ya riƙa rubutu.

Ba ka buƙatar jami'a kafin ka yi haka. Malamin Hausa, malamar Turanci, in an samu da na Tarihi ko na Addini. Mutum uku ko huɗu, kada ku wuce biyar, in taro ya yi yawa hira yake komawa. Ku tsayar da rana ɗaya a mako, minti arba'in, bayan an tashi ko lokacin da duk ba ku da darasi. Ku sa ranar a jikin jadawali. Zaman da aka bari sai "in an samu lokaci" ba ya yiwuwa.

Sharaɗi biyu: ba a zuwa hannu rabbana, kuma ba a maganar albashi sai an tashi. Kowa ya zo da takardar ɗalibi a hannu.

4. Ku auna takarda ɗaya tare.

Wannan shi ne zuciyar zaman, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Ɗauko insha'i uku daga aji ɗaya: mai kyau, matsakaici, da mai rauni. Naɗe wurin sunan kada a gani. In akwai halin hoto a yi wa kowa kwafi, in babu a riƙa zagayawa da takardar. Kowa ya karanta shiru, ya rubuta makinsa a ɓoye. Sannan a buɗe.

Za ku sha mamakin tazarar da ke tsakaninku. Wani ya ba da bakwai don labarin ya yi masa daɗi, wani ya ba da uku don ba aya ba waƙafi. Kada ku yi saurin sasantawa. Kowa ya nuna layin da ya sa ya ba da makinsa, da yatsa. A wannan gardamar ake koyon aikin.

Domin ku samu mudu ɗaya, ku ari na hukumar WAEC. A insha'in Turanci ana neman kalmomi kimanin 450, makin kuma 50 ne, an kasa shi huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Dubi rabon nan da kyau. Kurakuran harafi da aya da muke ƙarar da jan biro a kansu, kashi ɗaya cikin biyar ne kawai. Sauran yana ga ko yaro yana da abin faɗa, ko ya jera shi daidai, ko jimlolinsa sun tsayu. Malamin Hausa ma zai iya aiki da wannan rabo a ajinsa. Ku nemi rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC take sakawa a shafinta na intanet, darasi-darasi. Ku karanta na darasinku tare, za ku ga kurakuran da suke nanatawa su ne ke kan teburinku.

Kafin ku tashi ku amsa tambaya ɗaya: wane abu guda ne, in aka koya wa mai wannan takarda a makon nan, rubutunsa zai fi canzawa? Guda ɗaya na ce. Shi za ku koyar, mako mai zuwa ku dawo da sababbin takardu ku ga ko ya kama.

5. Sauko ƙasa, koma kan jimla.

Yawancin yaran da muke nema wa shafi biyu ba su riƙe jimla ɗaya da kyau ba. Kuma maganin ba ƙarin haddar nahawu ba ne. A 2007 Steve Graham da Dolores Perin suka tattara binciken da aka yi kan koyar da rubutu ga matasa, a wani rahoto mai suna Writing Next. Sun gano cewa koyar da nahawu shi kaɗai, a ware daga rubutu, ba ya inganta rubutun yara. Abubuwan da suka yi aiki sun haɗa da koya musu dabarun tsarawa da gyarawa, da taƙaita abin da suka karanta, da haɗa gajerun jimloli su zama ɗaya.

Ga atisaye biyu na minti biyar-biyar da za ka buɗe darasi da su.

Na farko, haɗa jimla. Rubuta a allo: "Ruwa ya sauka. Ruwan yana da yawa. Kwalbati ta cika. Motoci sun tsaya." Ka ce a mayar da su jimla ɗaya. Wani zai kawo: "Da ruwa mai yawa ya sauka, kwalbati ta cika har motoci suka tsaya." Wani zai kawo wata siga. Rubuta uku a allo, aji ya zaɓi wadda ta fi daɗin ji, su faɗi dalili.

Na biyu dabara ce ta wata malama Ba'amurkiya, Judith Hochman. Ka ba da rabin jimla sau uku, kowanne da mahaɗinsa. "Manoma suna sayar da hatsi da kaka saboda..." "Manoma suna sayar da hatsi da kaka amma..." "Manoma suna sayar da hatsi da kaka, don haka..." Na farko yana neman dalili, na biyu yana neman kishiyar magana, na uku yana neman sakamako. Yaron da ya iya cike waɗannan uku ya riga ya riƙe ƙashin bayan insha'in muhawara. Ni a ganina, cikin duk abin da na lissafa a nan, wannan ya fi saurin nuna amfani, kuma malamin kowane darasi zai iya yin sa da abin da yake koyarwa.

6. Ba su abin da suka sani, da wanda za su rubuta wa.

"Amfanin ilimi" ba take ba ne da zai motsa ɗan shekara goma sha shida. Zai kwaso maka jimlolin da ya ji a taron yaye ɗalibai. Gwada waɗannan: wasiƙa zuwa ga mai unguwa kan rijiyar burtsatsen da ta lalace. Bayanin yadda ake dafa dambu ga wanda bai taɓa shiga kicin ba. Muhawara kan ko a bar ɗalibai su zo makaranta da waya. Siffanta tashar motar garinku da ƙarfe shida na safe.

Kafin su taɓa biro, ba su minti uku kowa ya faɗa wa na kusa da shi abin da zai rubuta. Yaranmu gwanayen baki ne. Abin da ya fito a baki ya fi sauƙin sauka a takarda.

7. Rage jan biro.

Mu yi lissafi. Aji uku, kowanne yara 80, littafi 240 ke nan. In kowanne ya ci minti biyar, awa 20 ne. Ba mai iya wannan duk mako, shi ya sa ake ba da insha'i sau biyu a zango. Alhali rubutu kamar tuƙin keke yake, da yawan hawa ake iyawa.

Mafita ita ce su yi rubutu da yawa, kai ka duba kaɗan. Kasa ajin gida huɗu, kowane mako ka duba kashi ɗaya da kyau, sauran ka sa hannu kawai a ga ka gani. Cikin wata guda kowa ya samu kulawarka sau ɗaya. Ka faɗa musu tun farko abin da za ka duba: "Wannan makon sakin layi kawai nake kallo." Sauran kurakurai ka kau da kai, ranarsu tana zuwa.

Sai kuma abin da kake rubutawa a ƙasan takarda. Wata mai bincike, Ruth Butler, ta wallafa wani gwaji a 1988. An kasa yara gida uku: wasu aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu maki da sharhi tare. Waɗanda suka samu sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa musu biyun ba su fi masu maki kawai ba, don ido yana sauka a kan lamba, sharhin ya bi ruwa. Saboda haka a rubutun farko riƙe makin a rajistarka. Rubuta layi biyu: abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya da zai gyara. "Ka ƙara ƙoƙari" ba sharhi ba ne, yaro bai san ta ina zai kama ba. Rubuta masa: "Misalin kakarka ya yi daɗi. Sakin layi na biyu ya ɗauki magana biyu, raba shi."

In ka lura rabin aji kuskure ɗaya suke yi, kada ka rubuta gyara ɗaya sau arba'in. Kai shi allo, ka gama da shi cikin minti biyar.

8. Kada a rufe insha'i sai an sake shi.

Ranar da ka mayar da littattafai, ware minti ashirin kowa ya sake rubuta sakin layi ɗaya bisa sharhinka, a cikin aji, kana zagayawa. A kan wannan na biyun za ka ba da maki. Insha'i ɗaya da aka yi sau biyu ya fi biyu da aka yi sau ɗai-ɗai.

9. Ƙa'idojin rubutu: kaɗan-kaɗan, kullum.

Malamin Hausa, wannan naka ne musamman. Yaranmu suna rubutu fiye da kowane zamani, amma a waya: "ykk", "xan xo", "gsky", "ngd". Faɗa ba zai hana su ba. Mayar da abin darasi. Rubuta saƙon waya a allo yadda suke yin sa, su mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Suna jin daɗin wannan atisaye, kuma suna gane cewa kowane rubutu da muhallinsa.

Ɗauki ƙa'ida ɗaya a mako. Makon farko haruffa masu lanƙwasa, da kalmomin da ma'anarsu ke juyawa: kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari. Mako na biyu abin da ake haɗewa: yana, muna, suke, gidansa. Na uku abin da ake rabawa: shi ne, ita ce, za ka, ya ba shi. Na huɗu bambancin "a kan tebur" da "akan yi ruwa da damina". Rubuta ƙa'idar makon a kusurwar allo, kada a goge sai Juma'a. Kafin a miƙo maka littafi, kowa ya musanya da na kusa da shi, a farauto kuskuren wannan ƙa'idar kaɗai.

Kai ma ka binciki kanka a nan. Da yawanmu muna rubuta "ya na" da "shine" a allo ba mu lura ba. Roƙi abokin zamanka na mako ya duba allonka wata rana bayan ka fita.

10. Ku shiga ajin juna.

Sau ɗaya a wata, ɗayanku ya zauna a bencin baya a darasin ɗan'uwansa. Ba duba-gari ya zo yi ba, kuma ba abin da zai kai ofishin shugaba. Kai mai darasin ne za ka faɗa masa abin da zai kalla: "Duba min yara nawa suka fara rubutu cikin minti biyar na farko," ko "Zauna kusa da waɗancan ukun ka ga inda suke tsayawa." Idonsa a kan littattafan yara zai kasance. Bayan darasi ku yi minti goma, ya faɗi abin da ya gani, kai ka yanke abin da za ka canza.

11. Je wurin shugaban makaranta da ƙaramar buƙata.

Kada ka fara da neman kuɗi. Nemi abu biyu: a daidaita jadawali ku samu lokaci ɗaya da duk ba ku da aji, kuma a ba ku minti goma sha biyar a taron malamai na gaba. A wannan taron sa kowa ya yi atisayen "saboda, amma, don haka" da darasinsa. Malamin Kimiyyar Halittu ya gwada da sauro da zazzaɓin cizon sauro, na Tattalin Arziki da tsadar kaya. In malamai biyar suka ɗauka, yaro zai riƙa gina jimla sau biyar a rana maimakon sau ɗaya a mako.

12. Buɗe fayil tun gobe.

Sayi fayil ɗin kwali ɗaya. Zaɓi ɗalibai uku daga aji guda, na sama, na tsakiya, na ƙasa, ba tare da sun sani ba. Gobe da safe ba ajin duka minti goma sha biyar su rubuta sakin layi ɗaya kan hanyarsu ta zuwa makaranta, a fallen takarda. Cire na mutum ukun nan ka saka a fayil, tare da shafin da kai ka rubuta daren yau. Duk ƙarshen wata ka ƙara sabuwar takarda ta kowannensu. Ranar zamanku na ƙarshe a zangon, baza su a tebur daga ta farko zuwa ta ƙarshe, ku karanta tare da abokan tafiyarka, ku fitar da abin da za ku fara da shi in an dawo hutu. Kada ka manta da rubuta kwanan wata a saman kowace takarda kafin ka saka ta.